Wasan kwaikwayo zai iya kai mazan Baƙar fata na Amurka ɗakin gwajin jini?

Malam Nura, Bronx

Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar, kuma na san a cikinmu akwai likitoci da malamai da iyayenmu da suka daɗe a wannan ƙasa. Wani abokin aikina Ba'amurke Baƙar fata ya gayyace ni zauren taron unguwarsu, inda wata ƙaramar ƙungiya ta shirya wasan kwaikwayo na maza zalla a kan gwajin ƙanjamau da tunjere da sauran cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa.

Wasan bai fi minti 20 ba. An ajiye kujerar aski guda ɗaya a tsakiyar fili. Labarin wani direban bas ne mai mata da 'ya'ya biyu, wanda aka kira shi daga asibiti aka ce ya dawo a kan sakamakon jininsa, shi kuma ya kwana uku yana jan ƙafa. Ya ɗauko zancen a shagon aski a kaikaice, kamar yana ba da labarin wani abokinsa. Mai askin ya mayar da abin raha, wani dattijo da ke jiran layi kuma ya ce asibitin gwamnati bai taɓa nufin Baƙar fata da alheri ba. Direban ya biya kuɗinsa ya tafi gida, bai koma asibiti ba, bai kuma faɗa wa matarsa komai ba. A nan jagoran wasan ya juyo gare mu ya ce za a maimaita daga farko, duk wanda ya ga inda za a iya juya labarin ya ɗaga murya a dakata, ya fito ya gwada da kansa.

Mutum biyu na farko da suka fito sun yi ta zuba wa direban nasiha, shi kuwa ɗan wasan yana ta zille musu kamar yadda mutum yake yi a zahiri. Na ukun wani magidanci ne da zai kai shekara 60. Ya karɓi injin aski, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya kashe injin ya ce ranar Litinin ba ya buɗe shago, zai raka shi, shi ma a ɗebi nasa jinin. Zauren ya yi tsit. A bakin ƙofa akwai ma'aikaciyar jinya a bayan labule tana gwajin tsinin yatsa, kuma da idona na ga maza sun yi layi. Tambayata ita ce: wannan hanya tana da amfani na gaske, ko dai motsin zuciya ne na dare ɗaya? Kuma za ta dace da mazanmu da ke zaune a nan?

Alhaji Tanimu

Wa alaikumus salam. Nura ɗana, na karanta har ƙarshe, kuma ban yi shakkar kyakkyawar niyyarka ba. Abu biyu ne ba su kwanta mini ba. Na farko, kunya ado ce kuma reshe ce ta imani, kuma ina tsoron ranar da za a ɗauko zancen shimfiɗa a baje shi a gaban taro har kunnen matasa ya saba da shi, a daina ganin girman zina, a koma maganar yadda za a yi ta ba tare da an kamu da ciwo ba. Na biyu, me ya sa kullum sai a ware Baƙar fata idan za a yi maganar irin waɗannan cututtuka? Shekara 30 ina ƙasar nan, na ga yadda ake liƙa mana kowane abin kunya. Wasan da aka ce na mazan Baƙar fata ne, ai kamar mun sa hannu ne a kan zargin da ake yi mana.

Dakta Hadiza, Atlanta

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Zan ɗauki batunka na biyu, domin shi ne ya shafi aikina. Baƙar fata kusan kashi 13 cikin 100 ne na mutanen Amurka, amma su ne kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ganowa suna ɗauke da ƙwayar HIV mai jawo ƙanjamau a kowace shekara. A 2016 hukumar daƙile cututtuka ta ƙasar, CDC, ta yi ƙiyasin cewa idan aka ci gaba a yadda ake, namiji ɗaya cikin kowane 20 Baƙar fata zai kamu a tsawon rayuwarsa, alhali a tsakanin Farar fata ɗaya ne cikin 132. A tsakanin mazan Baƙar fata masu neman maza kuwa ƙiyasin ya kai ɗaya cikin biyu. Kusan rabin sababbin kamuwa a jihohin kudu suke, inda nake aiki. Tunjere ma da aka ɗauka ya zama tarihi ya dawo da ƙarfi: a 2022 an samu mutum fiye da 200,000, adadin da ba a gani ba tun 1950, kuma an haifi jarirai fiye da 3,700 da cutar a jikinsu.

Inda nake tare da kai, Baba, shi ne wannan adadi ba shaida ba ce ta cewa mazan Baƙar fata sun fi wasu sakaci. Bincike ya sha nuna cewa ba su fi takwarorinsu Farar fata aikata abubuwan da ke jawo kamuwa ba. Abin da ya bambanta shi ne ana gano cutar a makare, da yawa ba su da inshorar lafiya, jihohi irin su Alabama da Mississippi da Texas da Florida ba su faɗaɗa Medicaid, shirin inshorar lafiya na gwamnati, ga talakawa masu aiki ba, kuma mutane sun fi yin aure da mu'amala a cikin al'ummarsu, don haka idan ƙwayar ta riga ta yawaita a cikin ƙaramin da'ira, mutum mai kamun kai ma yana cikin haɗari fiye da mai sakaci a wata da'irar. Mafi yawan mazan da nake gani suna zuwa ne bayan jiki ya riga ya gaya musu. Duk abin da zai kawo su shekara biyu ko uku kafin haka, ina maraba da shi.

Malam Isa, malamin tarihi

Ni abin da ya ja hankalina a labarin Malam Nura shi ne dattijon da ke jiran layi, domin maganarsa tana da tushe. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiyar jama'a ta Amurka ta gudanar da bincike a yankin Macon na jihar Alabama, kusa da garin Tuskegee, a kan mazan Baƙar fata 600, yawancinsu manoma 'yan ƙodago. Daga cikinsu 399 suna da tunjere, 201 ba su da shi. An gaya musu ana yi musu maganin gurɓataccen jini ne, ana ba su abinci da alƙawarin kuɗin jana'iza, alhali manufar ita ce a zuba ido a ga yadda cutar take cin mutum idan ba a magance ta ba. Wajen 1947 allurar fenisilin ta zama sanannen maganin tunjere, amma aka hana su. Wasu suka mutu, matan wasu suka kamu, aka haifi yara da cutar. Sai da wani tsohon ma'aikacin hukumar, Peter Buxtun, ya kai zancen ga 'yan jarida a 1972 sannan aka dakatar, kuma sai a watan Mayun 1997 Shugaba Bill Clinton ya nemi gafara a madadin gwamnati.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa cusa wa mazan Tuskegee cutar aka yi. Ba haka ba ne, sun riga suna da ita, magani aka hana su. A ƙasar Guatemala ne, tsakanin 1946 da 1948, likitocin wannan hukuma suka sa wa mutane cutar da gangan. Takardar wayar da kai da ake rabawa a asibiti ba ta da bakin da za ta tattauna wannan da kowa, kuma likita mai minti 15 ga kowane mara lafiya ba zai buɗe babin ba. A fagen wasa kuwa dattijo zai faɗi tsoronsa da ƙarfi a gaban kowa, a amsa masa cewa ya yi gaskiya, sannan a tuna masa cewa zaluncin Tuskegee hana magani ne, don haka wanda ya ƙaurace wa asibiti yau yana yi wa kansa abin da aka yi wa kakanninsa. Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan rauni. Gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 yana cikin abubuwan da suka sa jama'a suka juya wa allurar shan inna baya a 2003.

Kuma Baba Alhaji, wasan kwaikwayo ba baƙon abu ba ne da aka ɗora wa Baƙar fatar Amurka daga waje. Tun 1963 'yan gwagwarmayar neman 'yanci suka kafa ƙungiyar Free Southern Theater a kwalejin Tougaloo ta jihar Mississippi, suna yawo ƙauyuka suna wasa kyauta a majami'u da zaurukan taro, bayan an gama kuma a zauna a tattauna da 'yan kallo.

Lawal ɗan Samaru

Malam Nura, abin da ka gani yana da asali sananne. Salon Augusto Boal ne, ɗan ƙasar Brazil da ya rasu a 2009, wanda ya gina aikinsa a kan cewa ɗan kallo ya daina zama mai kallo kawai, ya shigo fage ya gwada mafita da jikinsa. Mu da muka karanci wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello mun taso a kan irin wannan tunani, domin tun shekarun 1970 sashen yake fita da ɗalibai cikin Samaru da ƙauyukan kewayen Zariya, kuma malamai irin su Farfesa Oga Steve Abah sun yi suna a wannan fage.

Ina so a bambanta abu biyu da ake yawan haɗawa. Akwai wasan wa'azi, wanda a cikinsa saurayi yake holewa, ya kamu, ya rame, ya mutu, a yi kuka a watse. An yi irinsa da yawa a farkon zuwan ƙanjamau, kuma illarsa ita ce ya koya wa mutane cewa mai cutar gawa ce da ke tafiya, wanda ya ƙara sa su gudun gwaji. Akwai kuma wanda ka gani, inda ake barin labarin a karye da gangan. Mazan da ke zauren sun san akwai kwaroron roba, sun san inda asibiti yake. Abin da ba su taɓa yi ba shi ne buɗe baki su ce wa matarsu mu je a gwada mu, ko su ce wa aboki zan raka ka. Wannan jimla nauyi gare ta, kuma wanda ya taɓa furta ta sau ɗaya a cikin wasa, a bakin wani mutum da ba shi ba, ya rage wa kansa rabin nauyin. Dubi yadda direban ya fake da labarin abokinsa. Wasan ma haka yake yi wa kowa a zauren, yana ba shi wanda zai fake da shi.

Injiniya Kabiru, Houston

Duk na ji, amma ina son a yi mini maganar sakamako. Na sha ganin rahotannin irin waɗannan shirye-shirye, kuma yawancinsu takardar tambayoyi ce ake raba wa mutane suna fitowa daga zaure, a tambaye su ko sun ƙaru, su ce sun ƙaru. Wanda ya amsa gayyatar wasa a kan ƙanjamau ai dama zuciyarsa ta riga ta karkata. Mutumin da ake nema yana wurin aiki na biyu a daren Asabar. Idan kuɗin da za a kashe a kan 'yan wasa zai biya ma'aikacin jinya na wata guda, wanne ya fi?

Dakta Hadiza, Atlanta

Injiniya, ƙorafinka yana kan hanya, kuma ba zan ce maka wasa kaɗai yana rage yawan kamuwa ba. Amma akwai abu biyu da za su taimaka mana. A Tanzaniya an fara wani wasan rediyo na Suwahili a 1993 a kan tsarin iyali da ƙanjamau, aka bar yankin Dodoma ba a watsa shi ba na shekara biyu domin a kwatanta, kuma masu binciken sun sami ƙarin amfani da kwaroron roba da raguwar yawan abokan saduwa a inda aka saurara. Na biyun ya fi kusa da mu, ko da yake a kan hawan jini ne. A 2018 aka wallafa binciken da Dakta Ronald Victor ya jagoranta a shagunan aski 52 na Baƙar fata a Los Angeles. A wasu shagunan mai aski yana ba da shawara ne kawai cewa a je a ga likita. A wasu kuma an kawo masanin harhaɗa magunguna cikin shagon yana aunawa yana rubuta magani. Bayan wata shida, kusan kashi 64 cikin 100 na rukuni na biyu jininsu ya sauko yadda ake so, a rukunin farko kuwa kusan kashi 12 ne.

Saboda haka ni a labarin Malam Nura, labulen bakin ƙofa ne ya fi burge ni. Ba zaɓi ba ne tsakanin ɗan wasa da ma'aikaciyar jinya, domin ita tana zaune a asibiti kullum maza ba sa zuwa, shi kuma idan ya motsa zuciya aka ce a je wani wuri ranar Laraba, kafin Laraba zuciyar ta huce. Kuma wajibi ne wasan ya ɗauki labarin yau. Mai ɗauke da HIV da yake shan maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa. Akwai maganin rigakafin HIV da ake kira PrEP, wanda aka amince da ƙwayarsa a 2012, da allurarsa ta duk wata biyu a 2021, da wata allurar ta sau biyu a shekara a 2025, kuma Baƙar fata ne suka fi ƙarancin samun sa idan aka dubi buƙatarsu. Shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando Magic Johnson ya sanar da duniya yana ɗauke da ƙwayar a watan Nuwamban 1991, ga shi nan da ransa da jikokinsa. Tunjere kuwa, idan aka gano shi da wuri, allurar fenisilin tana kawar da shi.

Malama Rabi'atu

Baba Alhaji, ina neman izini in taɓa batunka na farko. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, kuma Ummu Sulaim ta tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a kan mafarkin mace, ya amsa mata. Littattafan fiƙihunmu cike suke da babin janaba da haila, ana karantar da su a zaure. Kunyar da ake yabo ita ce wadda take hana mutum aikata saɓo. Wadda take hana magidanci faɗa wa matarsa abin da zai iya kashe ta da abin da ke cikinta, wannan cin amana ce. Na taɓa raka wata baiwar Allah da ba ta san kowane namiji ba sai mijinta, a wurin awon ciki ta ji labarin da shi ya sani tun shekara biyu da suka wuce. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi bai san ta inda zai fara ba.

Alhaji Tanimu

Malama, Allah ya saka da alheri, hujjarki ta zauna. Amma karatun fiƙihu a gaban malami daban, wasa da tafi da dariya daban, kuma har yanzu ban gamsu cewa ba za a zarce ba. Idan za a yi a cikinmu, ina da sharuɗɗa: maza zalla kuma baligai, ba batsa a lafazi, kuma kada a cire tsoron Allah daga zancen kamar ba shi ne rigakafi na farko ba. Sannan Dakta ta ambaci maza masu neman maza. Hukuncin addini a kan wannan sananne ne, kuma ba zan zauna inda za a ƙawata shi ba.

Dakta Hadiza, Atlanta

Baba, ba wanda ya nemi ka sauya aƙidarka. A ɗakina duk wanda ya shigo mara lafiya ne, kuma haƙƙinsa ne in duba shi in rufa masa asiri. Wasu daga cikin waɗannan maza suna da mata a gida, kuma muddin tsoron tonon silili ya fi musu tsoron cuta, ba za su zo gwaji ba. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada a yi wasan da zai sa wani ya ji cewa tsayawa a layin gwaji tamkar amsa laifi ne.

Malam Nura, Bronx

Na gode ƙwarai. Abin da na ƙara fahimta shi ne ba za mu kwafi wancan wasan yadda yake ba. A ƙididdigar hukuma mu da Baƙar fatar Amurka layi ɗaya ake sa mu, amma damuwarmu ta sha bamban. Namu direban tasi ne wanda iyalinsa suke Kumasi ko Agadas ko Kano, yana zuwa gida sau ɗaya a shekara biyu. Tsoronsa ba Tuskegee ba ne, tsoronsa shi ne kada sunansa ya shiga kwamfutar asibiti ya taɓa masa takardun zama, ko kuma tafintan da za a kira ya kasance wanda suke sahu ɗaya a masallaci. Kuma zancenmu ba a shagon aski yake fitowa ba, a majalisar shayi yake fitowa bayan sallar isha'i.

Malam Lawal, ga abin da ya fi damuna. Mu nan kowa ya san kowa. Duk wanda ya fito a matsayin direban, gobe da sunan za a riƙa kiran sa, har zancen ya kai gida a ce ai wane da bakinsa ya faɗa. Wa zai yarda ya ɗauki wannan matsayi?

Lawal ɗan Samaru

Wannan matsala ce ta gaske, na ga ta hana wasa tashi a ƙauye fiye da sau ɗaya. Hanya biyu na sani. Ko dai a ɗauko mai wannan matsayi daga wani gari, ko kuma a sa wa direban alama, kamar hula guda ɗaya, mutum uku ko huɗu su riƙa karɓar ta a cikin wasan, har da wani babba da ake ganin girmansa, yadda ba wanda za a liƙa wa. Amma kafin a kai nan, kada ku rubuta ko layi ɗaya. Ku yi wata guda kuna zama a majalisun kuna sauraron yadda mazan suke kewaya zancen da irin kalmomin da suke fakewa da su, ku rubuta su ba tare da sunan kowa ba. Dakta kuma ta taimaka a samo mai gwajin da ba ɗan cikinmu ba, wanda zai zo da maganin tunjere a hannu da takardar tura mutum asibiti a ranar. Idan kun tara abin da kuka ji, ku turo mini, sai mu ga inda labarin zai karye.